'Yar Farina a Bayan Labule

Shekarun baya, lokacin muna haya a wani gida kusa da Apo a Abuja, maigidana yana gyaran mota a garejin kanikawa, ni kuma ina zuwa makarantar yaƙi da jahilci da yamma, wani abu ya faru tsakanina da babbar 'yata. Har yau in na tuna sai in yi ta tunani, can kuma in kama dariya ni kaɗai. Jiya na ga wata 'yar uwa ta sa hoton yara suna wasan kwaikwayo a wannan dandalin namu, shi ya taso min da shi, na ce bari in ba ku labarin. Ku yi haƙuri, a hankali nake rubutu.

Sai na fara da ɗan bayani, don na san a cikinku akwai haihuwar birni. A garinmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Kunya ce. Ba ta jansa a jiki a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ana hirarsa ma sai ta sunkuyar da kai ko ta ƙirƙiri wani aiki ta tashi. Ni kaina 'yar fari ce, ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba, kuma bai taɓa damuna ba. To ita 'yar tawa abin ya zo mata biyu: ga ta 'yar fari, ga shi sunan surukata aka sa mata. Babanta "Mamana" yake ce mata, ƙannenta su ce "Yaya", ni kuwa "ke". In tana nesa sai in aiki ƙaninta, "Je ka ce wa yayarka ta zo." In ba kowa a kusa in yi gyaran murya, ta san da ita nake.

Ɗakin da ke kallon namu wata maƙwabciya ce a ciki, Kirista daga wajen Filato, tana sayar da abinci a bakin gareji. Mace mai kirki da yawan barkwanci. Tun da sassafe za ka ji tana rafka wa 'ya'yanta kira ɗaya bayan ɗaya, har tana jan sunan kamar waƙa. Takan tsokane ni da irin Hausarta ta Abuja, ta ce, "Maman yara, kai ba ka san sunan yarinyan ka ba ne? In ka manta ka zo in tuna maka." Sai in yi murmushi in ci gaba da wanke-wankena.

A dogon hutun waccan shekarar wasu matasa suka zo makarantar firamaren unguwa, inda mu ma muke ɗaukar darasinmu a ajin ƙarshe. Suka ce wasa za su shirya da yaran unguwa, amma ba irin na talabijin ba. Ba a rubuta wa kowa abin da zai faɗa. Yara ne za su ƙirƙiro komai, su tsara, su ba da umarni, kuma ranar wasan iyaye ba zama za su yi su yi kallo ba, da su za a yi.

Ni dai abin ya ɗaure min kai, kuma ina da son ganin ƙwaƙwaf ko da yake ba na magana. Kujerata a bakin taga take. Sai in ga ƙaton saurayi mai gemu yana ɗauke da benci a ka, wani ɗan ƙaramin yaro da wandonsa ke zamewa yana nuna masa da yatsa. In ya ajiye sai ya ce, "Oga, nan ya yi?" Yaron ya karkata kai ya ce a'a, a matsar. Ya sake ɗauka. Wata dattijuwa 'yar ajinmu ta leƙa ta ce, "Oh ni, ƙarshen duniya ya zo, ƙwai ya fi kaza wayo." Ni kuwa na kasa ɗauke ido, har malamarmu ta ce, "Maman yara, allon yana nan gaba fa, ba a taga yake ba." Aka yi min dariya.

'Yata tana cikinsu. Lokacin ta shiga ƙaramar sakandare, yarinya ce mai shiru, in tana ɗaki sai ka manta da mutum a ciki. Na ɗauka shara za su sa ta ko riƙon jaka. Sai na ga ta fara dawowa gida da wani irin haske a fuska, tana bin matan gidanmu ɗaki-ɗaki tana roƙon tsofaffin zannuwa. Da ta zo kaina na miƙa mata wani da nake goge-goge da shi. Ta tsaya tana wasa da yatsunta, ta ce, "Mama, ba wannan ba. Wancan na ƙasan akwati, mai zanen ganye."

Zanen da na goya ta da shi ne. Ya koɗe har ganyen ya kusa ɓacewa, amma na kasa rabuwa da shi, duk tashin da muka yi daga gida zuwa gida yana cikin akwatina. Ban san ma ta lura da shi ba. Da ta fita na ciro shi na ba ƙaninta ya kai mata.

Wata rana malamarmu ba ta zo ba, aka sallame mu da wuri. Maimakon in wuce gida sai ƙafata ta kai ni bayan ajin da yaran suke gwaji. Na raɓe a jikin bango kusa da taga, a cewata minti kaɗan zan yi. Sun zauna a ƙasa sun yi da'ira, wata matashiya da suke kira Anti tana cikinsu, ita ma a ƙasan. Sai na ji murya tana bayani, a nutse, kowa ya yi tsit. Wallahi sai da na leƙa kafin in yarda 'yata ce. Ban taɓa jin ta jera magana mai tsawon haka ba.

Cewa take aji uku za a bi da iyaye, na ƙarshe shi ne nata. Za a ɗinke zannuwan a yi dogon labule, yara duka su shige baya. Ba wanda zai fito sai mahaifiyarsa ta kira shi da sunansa na yanka, wanda uwarsa ba ta zo ba kuma ubansa ya kira.

Antin ta ce, "Ya yi kyau. Me ya sa kika zaɓi wannan?"

Ta ce, "Anti, ni sunana na makaranta ne kawai. A gida ba mai faɗinsa. Ina so in ji yadda yake a bakin Mama."

"In kuma ba ta kira ba fa?"

"Sai in tsaya a bayan labule har a tashi. Shi ma ai wasa ne. Kuma na samu amsa ke nan."

"Amsar me?"

Wani yaro ya yi caraf ya ce, "Amsar cewa a bola aka tsinto ki!" Yara suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta jira suka gama, sannan ta ce, "Ƙanina tana kiransa har da sunan wasa. Ni ban san laifin da na yi mata ba."

Ban san yadda na isa gida ba. Na ɗora tukunya na manta ban kunna wuta ba. Yarinyar da nake tashi in duba numfashinta in tana zazzaɓi, wadda nake ture wa tsokar nama zuwa gefenta a kwano ba tare da na kalle ta ba, ashe duk shekarun nan tana lissafin laifin da ta yi min. Kuma ga rana tana zuwa da za ta tsaya a gaban mutanen unguwa ta jira, in na yi shiru ta ɗauki shirun a matsayin amsa.

Washegari na tari Antin nan a bakin ƙofar makaranta. Bahaushiya ce, 'yar boko, ka ji Hausarta ka san a Abuja ta tashi. Bayan mun gaisa na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce, "Anti, na labulen nan, ko za a iya cire shi? Ko a bari a kira yaro da laƙabi?"

Ta gane ni nan take. Ta ce, "Mama, wallahi na san al'adar, kakata ma haka take da babana. Amma ba ni da iko. Tun ranar farko muka yi musu alkawari su ne oga. In na cire yau, sun gane ke nan mu ma irin sauran manya ne, a ce ka faɗi ra'ayinka sannan a yi abin da aka ga dama."

Na ce, "To ku mene ne aikinku a ciki?" Da gaske nake tambaya, don abin ya daɗe yana cina.

Ta yi dariya ta ce, "Ɗaukar benci da yin shiru. Shirun ya fi wuya, Mama."

Na ce mata ni kuwa shirun ne sana'ata, ga inda ya kai ni. Ta kama hannuna ta ce ba wanda zai tilasta min, ranar in na ga ba zan iya ba ba laifi. Na gode mata, amma ni na san akwai laifi, tunda na ji abin da na ji a bayan taga.

Na gaya wa maigidana yana wanke baƙin mai a hannunsa. Ya ce, "Haba, wasan yara ne fa. Ranar ki ce kanki na ciwo, ni in je in kira ta." Na ce ai a bakina take son ta ji. Sai kuma ya ce, "Af, na manta ban gaya miki ba. Inna tana tafe satin nan, za ta ga likita kan gwiwarta."

Inna ita ce surukata, mai sunan. Ka ji fa. Wato ba sunan 'yar fari kaɗai zan faɗa a bainar jama'a ba, sunan uwar mijina zan ɗaga murya in kira tana zaune. A garinmu matar da ta yi haka sai a shekara ana ba da labarinta a gidan biki. Na yi fatan gwiwar za ta hana ta zuwa makarantar. Ina! Tana sauka jikar ta durƙusa ta gayyace ta, tsohuwa ta ce, "Takwara, ko a baro ne sai an tura ni na je."

Na rasa wanda zan yi shawara da shi, sai na buga wa mahaifiyata waya a ƙauye, Gwaggo nake ce mata. Bayan gaisuwa da tambayar damina na ce, "Gwaggo, wata tambaya zan yi. Ni da ba ki taɓa kiran sunana ba, me ya sa abin bai taɓa damuna ba?"

Ta ce, "Ke, wace irin magana ce wannan? Abujar ce ta fara taɓa ki?"

Na ce a'a, sani kawai nake so.

Ta ja tsaki irin na wasa ta ce, "Yo ina zai dame ki? Ke da tun yaye kike ɗakin kakarki. Daga safe zuwa dare sunanki ake kira a gidan nan, ita ta kira, ƙannen babanki su kira, har kaji sun haddace shi. Me za ki yi da nawa?"

Bayan mun yi sallama na daɗe riƙe da wayar. Gaskiya ta faɗa. A gida in uwa ta kawar da kai daga ɗan fari, akwai hannuwa da yawa da ke jiran su ɗauke shi. Kaka ta shagwaɓa shi, gwaggo ta yi masa kirari. Mu kuwa mun ɗauko kunyar mun zo da ita Abuja cikin ɗaki da falo, kakar da gwaggon mun baro su a gida. Yarinya ta tashi ba wanda ya karɓi aikin da na ajiye, ga kuma maƙwabciya kullum tana rera sunan 'ya'yanta a ƙofar ɗakinmu.

Ganewa daban, iyawa daban. Na fara gwaji a ɓoye. In ina tuƙa tuwo sai in buɗe baki in ce bari in faɗa a hankali, sai harshen ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Harafin farko yake fita, sauran su maƙale. Rannan maƙwabciyata ta same ni a kicin ina motsa leɓe a kan tukunya, ta ce, "Maman yara, addu'a kake yi wa miya? Ka yi wa nawa ma, kwastoma sun gudu." Na ce mata gishiri nake tunawa ko na sa.

Ranar wasan ta zo, Asabar ce da hantsi. Muka tafi da maigidana da Inna tana dogara sandarta. Tun daga bakin ƙofa na ga abin mamaki. Wata 'yar mitsitsiyar yarinya ce riƙe da kwando tana karɓar wayoyin manya. Wani babban ma'aikaci da ya zo da direba, babbar riga tana jan ƙasa, ya ce shi ana iya nemansa daga ofis. Ta ɗaga kai ta dube shi ta ce, "To oga, ka tsaya a waje ka jira su." Ya waiga ya ga duk muna kallonsa, ya jefa wayar a kwando. Inna ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."

A ajin farko aka sa mu rufe ido, kowane babba yaro ya kama hannunsa yana jansa, sauran yaran suna yin ƙarar unguwarmu da baki: bugun guduma a gareji, hon ɗin 'yan acaba, mai tallan ruwa, kiran salla, ƙararrawar coci. Ban taɓa sanin haka unguwar take a kunne ba. Kuma ban taɓa sanin wuyar miƙa hannu ga wani ya ja ka inda ba ka gani ba, abin da muke yi wa yara kullum ba ma ko gaya musu inda za mu.

A aji na biyu aka zaunar da mu a kan ƙananan bencina, gwiwoyinmu suna taɓa haɓa, yara suka tsaya a gaban allo suna tambaya. Wanda zai amsa sai ya ɗaga hannu. Wani yaro ya ce, "Me ya sa in babba ya fasa kofi a ce kofin ne ya suɓuce, in yaro ne a ce ba shi da hankali?" Mai babbar rigar nan ya ɗaga hannu, aka ba shi dama, ya miƙe ya ce, "Gaskiya ba mu da amsa." Yara suka tafa masa. Na so in ji daɗin wajen sosai, don tambayoyin sun yi min, amma hankalina yana kan ajin da ya rage.

Muna shiga na ga labulen. Sun ɗinke zannuwan da manyan ɗinki irin na yara, sun rataye a igiya daga bango zuwa bango. Ba ka ganin komai sai ƙafafu a jere daga ƙasa. Yaron nan mai zamammen wando shi ne mai tsaron doka, an rataya masa usur a wuya. Ya hura ya ce, "Kowa ya kira ɗansa da sunan yanka. Ba laƙabi. Wanda ba a kira ba ba zai fito ba."

Maƙwabciyata ce ta fara, ta ja sunan 'yarta da waƙar nan tata ta safe, yarinya ta fito da gudu ta faɗa jikinta. Mai babbar riga ya kira ɗansa da cikakken suna har da na kaka, kamar yana karanta takardar ɗaukar aiki, aka yi ta dariya, amma na ga da yaron ya fito ya rungume shi sai da ya share ido da hannun riga. Haka aka yi ta yi, ƙafafu suna raguwa.

Ni tun shigowata na san inda take. A bayan zanen ganyen ta tsaya. Ko ba zanen ma na san ƙafafun, ga tabon ƙunar salansar babur a idon sawunta na hagu, wanda ta samu tana rarrafe a gareji ranar da na kai wa babanta abinci. Ina kallo har ya zama su kaɗai suka rage.

Aka juyo ana kallona. Na matsa gaba, na buɗe baki, ba abin da ya fito. Ina jin numfashin Inna a bayana. Antin tana can lungu ta cusa bakin gyalenta a baki, tana ta aikin nata na yin shiru. Yatsun ƙafar nan suka fara lanƙwashewa suna kama siminti.

Maigidana ya kasa jurewa ya ce, "Mamana, fito..."

Firrr! Yaron ya hura usur. "Baba, ba kai ba ne. Kuma an ce ba laƙabi."

Wasu suka yi 'yar dariya, ta mutu nan da nan. Na ga ƙafafun sun ɗan ja da baya, suna shirin daɗewa a wajen.

Sai Inna ta yi magana. Ku sani, tsohuwar nan in allura ta faɗi a ɗakin maƙwabta tana ji. Ta ɗaga murya ta ce wa ɗanta, "Kai, wai me ake cewa ne? Ni tun da na shigo garin nan naku mai hayaniya kunnuwan nan suka toshe. Ko ganga aka buga a kaina ba na ji." Ta ja mayafinta ta rufe kunnuwa, ta juya fuska tana kallon bango. Sannan na ji bakin sandarta ya ɗan zungure ni a dunduniya.

Na faɗa. Ya fita ƙasa-ƙasa, kamar mai tambayar hanya.

Mai usur ya ce, "Ba a ji ba!"

Amma ni na ga yatsun ƙafar sun saki simintin. Ita ta ji. Na ja numfashi na sake kira, wannan karon yadda ajin duka ya ɗauka. Sunan ya yi min baƙo a baki, kuma ya yi min daɗi, ban taɓa sanin haka yake da taushi ba. Labule bai motsa ba na ɗan lokaci. Can sai murya ta fito daga bayan zanen.

"Na'am, Mama."

Ta ɗaga zanen ta fito ta tsaya a gabana. Daga ni har ita ba wanda ya san abin da ake yi bayan nan, mu ba mu saba runguma ba. Sai na miƙa hannu na gyara mata ɗankwalin da ba abin da ya same shi, na daɗe ina gyarawa. Maƙwabciyata ta rangaɗa guɗa ta ce, "Ah ah! Maman yara, ashe ka sani!" Ajin ya ɓarke da dariya da tafi, ni ma na samu inda zan ɓoye fuskata.

A hanyar komawa gida ƙaninta yana can bayanmu da nisa, ya raɗa wa abokinsa cewa kaka tana tafiya kamar agwagwa. Inna ko waigowa ba ta yi ba ta ce, "Agwagwar ce ta haifi ubanka." Ya ce, "Kaka, ba kin ce kunnenki ya toshe ba?" Ta ce, "Ya buɗe, ja'iri." Har ta koma ƙauye ba ta taɓa tayar min da maganar ba, ni ma ban tayar ba.

Bayan kwana biyu muna tsintar wake da 'yata, idona a kan faifai, na ba ta labarin kunyar ɗan fari, da ɗakin kakata, da dalilin da zanen nan ya daɗe a akwati. Ta saurara har na gama ta ce, "Mama, da kin gaya min tun da." Na ce, "Ai faɗar ma tana cikin abin da ake jin kunya." Ta yi dariya, ni ma na yi.

Matasan nan sun gama hutunsu sun tafi, ban sake ganinsu ba. Amma har yau ina tunanin irin aikin nasu. Ba su koya wa 'yata magana ba, ashe tana da ita, wuri ne ba ta samu ba. Aji ɗaya suka ba ta da igiya da tsofaffin zannuwa, suka koma gefe, ta yi tambayar da ta kasa yi min a cikin ɗakinmu. Nakan ce a raina, sauran yaran da ke shiru a gidajenmu, wace tambaya ke cikinsu? Tun daga lokacin in yaro ya fara magana nakan ajiye ludayi in ji ƙarshenta.

Kada ku ɗauka na zama 'yar birni. Ban yar da al'adarmu ba, ina ganin kyanta, kuma har gobe "ke" nake ce mata a yawancin kwanaki. Mahaifiyata ma da ta ji labari cewa ta yi, "Allah ya shirye ku, mutanen Abuja," ba ta kuma kira nawa sunan ba, ban kuma nema ba. Yanzu 'yar tawa ta girma tana karatu a wani gari. Zanen ganyen yana cikin akwatinta, ita ta roƙa da za ta tafi. In ta bugo waya na ji muryarta ta yi ƙasa, ko jarrabawa ta matse ta ko kewar gida, sai in tashi in shiga ɗaki in turo ƙofa, in kira ta da sunan. Takan yi shiru kaɗan kamar wancan na bayan labule, sannan ta ce, "Na'am, Mama."

Na san wasunku za su tambaya a ƙasa, to mene ne sunan? Ku yi haƙuri. 'Yar fari ce.